Hancin Cuku a Teburin Armand

Ranar da Solène Vauclin ta fara ganin Basile, faɗa ta yi da shi.

A katafaren zauren nan ne na Paris, tsohon ma'ajin kayan jirgin ƙasa da aka mayar wurin renon ƙananan kamfanoni. Ta fita sayo abincin rana, ta dawo ta tarar da wani dogon saurayi mai birkitaccen gashi ya baje a kujerarta. Hannu ɗaya na danna kwamfuta, ɗayan riƙe da busasshen burodi yana gatsa.

"Malam, kujerata ce."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Ina zuwa."

Ita kuwa Solène ba a ce mata ina zuwa. Ta sa hannu ta rufe masa kwamfutar, saura ƙiris ta datse masa yatsu. Sai a lokacin ya ɗago, suka haɗa ido, sai ta manta faɗan da ta shirya.

"Ke ce mai zanen da ke allon nan?" ya tambaya. "Tunaninki ya yi kyau, amma yadda kika tsara shi, ranar da mutum ɗari suka shiga lokaci guda zai durƙushe."

"Kai kuma wane ne da za ka faɗa min?"

"Basile Oriol. Na san yadda abu ke durƙushewa, nawa kamfanin bara ya mutu a hannuna."

Ta so ta ƙi dariya, dariyar ta ƙwace mata. Ta jawo wata kujerar, ta shimfiɗa ɗan ƙyalle a teburin, ta raba abincinta biyu.

"Ajiye wannan abin tausayin da kake ci. Zauna kamar mutum, ka yi min bayani."

Abin da Solène ke ginawa manhaja ce da za ta haɗa ƙananan manoman ƙauye da masu gidajen abinci na birni, ba tare da dillali a tsakani ba. Kwando ta sa mata suna, da harshensu. Saboda ita ta ajiye aikinta na dindindin a wani kamfanin inshora, aikin da ba a kora, mai hutu, mai fansho. A wurin mahaifinta, da a ce banki ta fasa da abin ya zo da sauƙi.

Tana da tunani da baki, ba ta da mai rubuta mata manhajar. Basile kuma yana da hannu, ba shi da wanda zai sake yarda da shi, don a ƙasarsu in kamfaninka ya faɗi sau ɗaya, tabon na binka har wurin neman hayar ɗaki. Kafin kofi ya huce sun zama abokan aiki.

Abota ce dai, in ji su. Sai ga abotar tana raka mutum tashar jirgi, tana tuna irin burodin da yake so. Wata safiya Solène na cikin motar haya a hanyar wani ƙauye, saƙonsa ya shigo:

"Guguwata, na gyara abin da kika ce. Na kuma zauna na ci abinci a faranti, da cokali, ni kaɗai. Babu daɗi. Ki dawo."

Ta karanta ta sake karantawa, sannan ta amsa:

"Kabejina, ka ci gaba da horo. Lahadi mai zuwa za ka ci abinci a gidanmu, can ne jarrabawar."

Kada ku yi dariya, a wurinsu kabeji sunan so ne, kuma Basile har sunkuyar da kai yake in ta kira shi haka.

Armand, mahaifin Solène, ya yi rayuwarsa yana aiki a gidan waya na garin Melun, kusa da Paris, har ya yi ritaya, bai taɓa sauya ofis ba, bai taɓa sauya mai aski ba. Abincin ranar Lahadi a gidansa ba wasa ba ne. Ana zama da rana, ba a tashi sai inuwa ta juya, waya kuwa a kwandon bakin ƙofa ake barinta.

Basile ya zo da furanni ga Odile, mahaifiyarta, ya sa riga mai guga. Tsoro ya sa ya manta wayar a aljihu.

Ba a gama miya ba Armand ya jefo tambayar da duk uba ke fara jefowa.

"Samari, wace makaranta ka yi?"

"Ban shiga manyan makarantun ba, Yallaɓai. A ɗakina na koya."

"A ɗakinka." Armand ya goge baki. "Aikin dindindin fa?"

"Muna gina namu."

"Wato babu."

"Baba!" in ji Solène.

"Tambaya na yi, 'yar tsuntsuwata. Ci abincinki."

Ana cikin cin gasasshiyar kaza wayar ta yi ƙara a aljihun Basile. Ya kashe ta da sauri, kunnuwansa sun yi ja. Odile ta kawar da maganar da hirar yajin aikin jiragen ƙasa, aka samu aka wuce.

Sannan aka kawo cuku. Yanki ne babba na cukun Melun da Armand ke saya wurin mutum ɗaya tun kafin a haifi Solène, mai faɗi ta baya, mai tsini ta gaba. Ko yaron goye ya san tsinin nan, da suke kira hanci, shi ne tsakiyar cukun, inda ya fi laushi da daɗi. Ta gefe ake yanka, siriri daga baya zuwa gaba, don kowa ya ɗan taɓa tsakiyar.

Baƙo aka fara miƙa wa wuƙa. Basile ya karɓa, ya sare hancin gaba ɗaya, ya ɗora a farantinsa.

Odile ta dafe ƙirji. Solène ta runtse ido.

"Samari," Armand ya ce a hankali, "ka ɗauke mai daɗin, ka bar mana ɓawo."

"Ku yi haƙuri, Yallaɓai, ban sani ba..."

"Ai shi ne. Ba ka ma duba ko akwai wasu a teburin ba. Na san irinku, 'yan kamfanin zamani. Ku tara mutane, ku kwashe tsakiya, ku tsere Amurka. Wanda ya yi wannan a tebur zai yi a kasuwanci, zai kuma yi a gidan aure. Ba da 'yata ba."

Solène ta ajiye cokalinta da ƙarfi.

"Haba Baba, cuku ne fa, ba tutar ƙasa ba!"

"A gidan nan ba su da bambanci."

"To ku cinye abinku. Basile, tashi mu tafi."

Ta tashi kafin a kawo kayan zaƙi, abin da ba a taɓa yi ba a gidan.

A jirgin komawa Paris, Basile ya yi magana yana kallon taga.

"Mamana ma'aikaciyar jinya ce a Marseille, ita kaɗai ta raine ni. A tsaye muke cin abinci a kicin, ita da jaka a kafaɗa. Cukunmu na leda ne, yankakke tun daga shago. Wallahi ban taɓa sanin yana da hanci ba."

Tausayinsa ya kama ta har idonta ya kawo ruwa, haushin mahaifinta kuma ya ninku.

"Ka saurare ni, Kabejina. Ban nemi izinin kowa ba da na ajiye aiki, ba kuma zan nemi izinin cuku ba kafin in so mutum."

"Amma kina son babanki."

Gaskiya ya faɗa. Tana son tsohon nan mai taurin kai, shi ya koya mata keke, shi ya koya mata taurin kan ma. Aure za ta iya ɗaurawa ko ba shi, doka ba ta hana ba. Amma ta tsaya gaban magajin gari, mai ɗaura aure a ƙasarsu, kujerar mahaifinta babu kowa? Wannan ne abin da take tsoro.

Sati-sati ya wuce ba ta taka Melun ba. Armand bai kira ba, ita ma ba ta kira ba. Kwando kuwa ya fara tafiya, manoma na gaya wa manoma, masu dafa abinci na gaya wa juna.

A nan Thibault ya shigo. Tare suka yi makaranta da Solène, ya wuce babbar makarantar kasuwanci, yanzu yana aiki da wasu masu zuba jari. Irin mutanen nan ne da ba sa iya jimla ɗaya ba su tsoma Turancin Ingilishi ba. Ya daɗe yana sonta, Armand kuma ya daɗe yana son ta so shi.

Wata rana da yamma ta hango su ta gilashin wani shagon kofi, Thibault na magana yana murmushi, Basile ya sunkuyar da kai. Ba ta shiga ba. Washegari Thibault da kansa ya tare ta a bakin zaure.

"Solène, kin ji labari? Mun yi wa mutuminki tayin babban muƙami a California. Gida, mota, komai. Shi kaɗai muke so, ba ruwanmu da manomanki."

"Ya ƙi, ai."

"Ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani." Ya gyara wuyan riga. "Kada ki damu, in kwandon ya yage akwai kujera a ofishinmu. Akwai kuma wata a gidana."

"Thibault, ko kujerun Paris sun ƙare, a ƙasa zan zauna."

Ta faɗa da ƙarfin hali, ta wuce ciki. Ta tsaya a kan Basile.

"Da gaske ne ka ce za ka yi tunani?"

Ya ɗago, fuskarsa ta faɗa. "Da gaske ne."

"Kuma ka ɓoye min. Me ya sa?"

Ya buɗe baki ya rufe.

"Na bar teburin mahaifina saboda kai, Basile! Na ce ƙarya yake maka. Ashe hancin za ka sare ka tafi."

Ta kwashi jakarta ta koma aiki daga ɗakinta. Ta yi kuka, ba ƙarami ba, amma ko oda ɗaya ta manoma ba ta bari ta makara ba. Saƙonninsa na shigowa, ta ƙi buɗewa.

Ranar Juma'a Odile ta kira, murya ƙasa-ƙasa, daga kicin.

"Solène, babanki ya fita sayo burodi, bari in yi sauri. Shi ne ya kira Thibault."

"Mama, me kika ce?"

"Ya ce masa a ɗora wa yaron nan abu mai daɗi a gabansa, zai sara ya gudu, ke kuma ki dawo hayyacinki. Na ji su da kunnena. Shi ma Thibault ɗin ya gaya wa Basile cewa burin babanki ke nan, wai in yana ƙaunarki ya tafi ya bar ki da iyayenki. Ni dai na gaji da cin abincin Lahadi da mutum ɗaya mai ɗaure fuska."

Solène ta zauna a bakin gado. Sai yanzu ta gane shirun Basile. Ya gwammace ta zarge shi da ta tsani mahaifinta. Ta buɗe saƙonsa na ƙarshe, tun safiyar Laraba yake jiranta:

"Guguwata, na gaya wa Thibault a'a. Tunanin da na yi ba na muƙamin ba ne, na yi tunanin ko tafiyata za ta fi miki alheri. Na kasa. Son kai ne ko so ne, ban sani ba, amma ba inda za ni. Ko ba ki sake yi min magana ba, manhajar taki ce, zan ci gaba da kula da ita."

Tana share hawaye tana dariya ta rubuta:

"Kabejina, kai wawa ne, kuma nawa ne. Ka goge rigarka. Lahadi za mu Melun."

Amsa ta zo nan take: "An gayyace ni?"

"Ni na gayyace ka. Ka bar wayar a gida."

Da Armand ya buɗe ƙofa ya gan su tare, sai da gashin bakinsa ya motsa. Amma Odile ta riga ta jera faranti huɗu, kuma Armand ba mutumin da zai kori baƙo bayan an ɗora miya ba ne. Aka zauna. Aka sha miya ba magana, aka ci nama ba magana, ƙarar cokula kawai.

Aka kawo cuku, sabon yanki, hancinsa na sheƙi. Armand ya miƙa hannu zai ɗauki wuƙa, Solène ta riga shi.

Ta kalli mahaifinta ido cikin ido. Ita da ya koya wa yankan cuku tun tana tsayawa a kan kujera, ta ɗora wuƙar a kaikaice ta sare hancin, babba, ya ma fi na ranar. Ta ɗauka ta ɗora a farantin Basile.

"Solène!" Armand ya miƙe rabi.

"Zauna, Baba, ban gama ba. Kai ka sa aka ɗora masa California a faranti, gida da mota da muƙami, don ya sara ya gudu. Ya ture. Ya zaɓi ɓawon, ni da manomana da ɗan teburinmu. Ya kuma rufe bakinsa na zage shi, don kada in san da hannunka a ciki. Ranar nan bai sani ba ya yanka. Yau ni na sani, na yanka, na ba shi."

Armand ya juya ga matarsa. Odile ta ci gaba da shafa man shanu a burodi.

"Ni na faɗa mata. Sai ka kai ni ƙara."

"Zan aure shi, Baba," in ji Solène. "Ba izini na zo nema ba. Na zo ne don ina son in waiwaya ranar in gan ka a kujerar gaba. In ka ƙi zuwa za a ɗaura, amma zan yi kuka, kai ma ka san za ka yi."

Tsohon ya koma ya zauna. Kunya ta kama shi, abin da bai saba da shi ba. Ya dubi farantin Basile, sannan ya dubi saurayin.

"Da gaske ka ƙi?"

"Na ƙi, Yallaɓai."

"Aiki ne mai albashi fa. Har da fansho, na tambaya."

"Na sani."

"Lallai ba ka da hankali." Armand ya ja numfashi. "Daidai da ita ke nan."

Basile bai taɓa cukun ba. Ya ɗauki wuƙarsa ya raba hancin nan gida huɗu, a karkace, ba kyan gani. Ya sa wa Odile, ya sa wa Solène, sannan ya miƙa wa Armand nasa da hannu biyu.

Armand ya kalli ɗan yankin, ya ɗauka ya ci. Ya ciro hankici ya fyace hanci da ƙarfi, wai barkono ne ya shige shi, alhali ba barkono a teburin.

"Miƙo min wuƙar nan, yaro. Matso. Tunda kowace Lahadi za ka riƙa zama a nan, ba zan zuba ido ana yi wa cukuna kisan gilla ba. Ka ga, daga baya ake farawa..."

Solène ta tashi ta zagaya ta rungume wuyansa ta baya.

"Sake ni, 'yar tsuntsuwata, ina koyarwa."

An ɗaura auren a farkon bazara, a ofishin magajin garin Melun. Mahaifiyar Basile ta zo daga Marseille, ta ce yau kam za ta ci abinci a zaune. Manoman Kwando suka cika farfajiyar da motocinsu, wannan da tumatir, wancan da zuma, wata tsohuwa da furannin gonarta. Thibault ya aiko da kati, rabinsa da Ingilishi.

Da Solène ta waiwaya, Armand na kujerar gaba cikin kwat ɗin da ya yi ritaya da shi, yana kuka a fili ba tare da ya ɗora wa barkono laifi ba.

A wurin walima shi da kansa ya shigo da cukun Melun guda cur, ya fitar da yanki na farko. Jama'a na kallo, ya ɗora wuƙa a kaikaice ya sare hancin. Sai da wasu tsofaffi suka yi salati irin nasu.

Ya raba shi biyu, ya sa wa amarya, ya sa wa ango.

"Sau ɗaya ne a rayuwata, kada wanda ya saba," in ji shi. Ya dafa kafaɗar Basile. "Ɗana, na ba ka mafi daɗin abin da nake da shi, kuma ba cukun nake nufi ba. Allah ya albarkaci gidanku, ya albarkaci wannan kamfanin naku da har yau ban gane shi ba. Allah ya cika muku tebur da 'ya'ya."

"Amin, Baba," in ji Basile.

Solène ta matse hannun mijinta a ƙarƙashin tebur, ta raɗa masa: "Ci, Kabejina. Wannan karon shi ya ba ka."